A gyara madafa, amma kada tukunya ta biya kuɗin gini

Kowace shekara, da zarar damina ta ɗauke, aka ɗaure dammunan hatsi aka kai rumbu, sai ƙasar Arewa ta shiga aiki na biyu, wato gyaran abin da ruwan sama ya ɓata. Duk wanda ya bi babbar hanya daga Doso zuwa Ƙwanni a watan Nuwamba ko Disamba, ya ratsa Kore Mairuwa da Dogon Dutsi, zai ga tubali a shanye a bakin tabkuna, da amalanken shanu suna jigilar ƙasa, da magina a kan katanga tun hantsi bai dubi ludayi ba. Haka abin yake a Matankari da Kiyeshe da Ɗan Kasari, haka kuma yake a Tibiri da Dumega da Gesheme. Bayan daminar 2024, wadda ambaliyarta ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a faɗin Nijar, aikin ya ninka na kowace shekara, har gwamnati ta rage kuɗin siminti a watan Oktoba na shekarar domin jama'a su samu su tada abin da ya faɗi.

A cikin gine-ginen gida kaf, madafa ce ke fara faɗuwa, domin ita ce aka fi rainawa. Katangarta gajera ce, ba a haƙa mata tushe mai zurfi, rufinta ragowar kara ne ko tsohon tol da aka ciro daga wani ɗaki, kuma idan lokacin yaɓe ya zo sai a yaɓe zaure da turakar maigida a ce ita ta jira baɗi. Sai ranar da bango ya kwanta a kan tukwane ake tunawa da cewa a cikin wannan ƴar kusurwa ce ake dafa abin da gidan duka yake rayuwa da shi. Saboda haka magidancin da ya tashi gyaran madafarsa ya yi abin yabo, kuma babu mai hankalin da zai hana shi. Abin da ya kamata a tsaya a duba shi ne kwanakin da ke tsakanin rushe tsohuwa da shiga sabuwa, waɗanda kan kai mako biyu, ko wata, ko wata uku idan kuɗi suka tsinke a tsakiya. A ina za a yi girki cikin waɗannan kwanaki, kuma da wane kuɗi?

Amsar da aka saba bayarwa a gidaje da yawa ita ce wadda wannan shafi yake ganin ba ta dace ba. Maigida ya kira uwargida da dare, ya ce mata ai ta ga an shiga gini, kuma ginin nan nata ne, saboda haka sai ta yi haƙuri da abin da ya samu. Washegari kuɗin cefane ya ragu da rabi. A ganinsa ya yi adalci, tun da madafa ta mata ce, to, mata su ɗauki nauyinta. Wannan lissafi kuskure ne tun daga tushe. Madafa gini ce kamar zaure, kamar shago, kamar katangar gida, kuma babu wanda ya taɓa jin an rage wa yara tuwo domin za a ɗaga zaure. Ciyar da iyali wajibi ne na kullum a kan maigida, addini ya ɗora masa, al'ada ta ɗora masa, gini kuwa abu ne da ake shiryawa a tara masa kuɗinsa daban.

Bari a yi lissafin a fili, domin sau da yawa wanda ke rage cefane bai taɓa zama ya ƙidaya abin da gidansa ke ci ba. Ma'aunin da hukumomin cimaka na ƙasar nan suke aiki da shi shi ne kilo 231 na hatsi ga mutum ɗaya a shekara. Gidan mutum takwas ke nan yana bukatar kimanin kilo biyar a yini, wato tiya biyu. Buhu mai kilo 100 tiya arba'in ne, saboda haka kwana ashirin yake yi a irin wannan gida. Wannan ba ya raguwa don an kira magini. Cikin yaro bai san an rushe madafa ba. Tun da hatsin ba ya taɓuwa, abin da ake yankewa idan an rage cefane shi ne kayan miya: mai, da daddawa, da ƙuli-ƙuli, da busasshen kifi, da ɗan naman ranar kasuwa, da nonon da ake dama fura da shi. Su kuwa waɗannan su ne masu gina jiki. Babba yana iya wata guda yana cin tuwo da miyar kuka tsura bai faɗi ba, amma yaron da aka yaye, da mace mai ciki, da mai shayarwa, a jikinsu ake ganin ragin kafin a ɗora rufi. Ma'aikatan lafiya da ke auna damtsen yara a asibitocin karkara sun san irin wannan rama, wadda ba fari ya kawo ta ba, ba kuma ƙarancin hatsi a rumbu ba.

Akwai wani ɓangare na lissafin da maza ba su cika gani ba, domin mata suna ɓoye shi don rufin asiri. Idan cefane ya gaza, mace ba ta zuwa ta ajiye wa mijinta kwano babu miya. Gujiyar da ta noma a gamanarta za ta auna ta sayar, ko yakuwarta, ko kuɓewar da ta shanya, in abin ya yi tsanani ta ja akuyarta zuwa kasuwa. Maigida ya ci ya ƙoshi, ya ce ashe dai kuɗin da yake bayarwa a da ya yi yawa. Ranar da aka gama gini sai ya nuna wa abokansa madafar da ya gina wa iyali, alhali kuwa akuyar matarsa ce a cikin bangon. Daga irin wannan ne ƙananan maganganu ke farawa a gida, kuma iyaye da limamai da ke sasanta ma'aurata sun san yawan ƙarar da asalinta kuɗin miya ne.

Hanya ta biyu da magidanta ke bi, wadda ita ma take komawa kan tukunya, ita ce sayar da wake da kaka. Arewa ƙasar wake ce, kuma wake shi ne kuɗin manomi a nan. Amma lokacin gini da lokacin arhar wake lokaci guda ne. Manomi ya kwashe buhunansa ya ba ɗan kasuwa a farashin kaka domin ya sayi tol da ƙusa, sa'an nan da bazara matarsa ta je ta sayo waken nan da tiya a farashin da ya ɗaga. Abin da ya faru daga ƙarshen watan Yuli 2023 zuwa watan Fabrairu 2024, lokacin da ƙungiyar CEDEAO ta sa wa ƙasa takunkumi, ya isa darasi: shinkafa da mai da sauran abin da ake shigowa da shi suka yi tashin da ba a zata ba, gidan da ya tsira kuwa shi ne wanda yake da nasa a rumbu. A watan Oktoba 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso, domin abincin ya zauna a gida. To, idan hukuma tana tsare abinci a kan iyakar ƙasa, ba daidai ba ne magidanci ya fitar da shi ta ƙofar gidansa domin buhun siminti. Hatsin da ma'aikatar OPVN ke sayarwa da rahusa a lokacin ƙunci an tanade shi ne domin wanda damina ta ƙi, ba domin wanda ya mayar da rumbunsa tubali ba. A inda ake da bankin cimaka, ko ƙungiyar manoma mai karɓar amfanin gona jingina ta ba da rance har farashi ya tashi, wannan ya fi sayarwa da kaka nesa ba kusa ba.

Sai maganar wurin girki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a sa gatari a tsohon bango, a fara kafa rumfar da za a koma, a kewaye ta da zana ta gefen gabas da arewa inda iskar hunturu ke bugowa, a nesa da rumbu, a nesa da tarin kara da harawa, a nesa kuma da inda ake kwaɓa ƙasa da zuba siminti. Aikin yini guda ne, amma shi ake bari sai an rushe, sa'an nan a ga uwargida tana yawo da duwatsun murhu a tsakar gida tana neman inda iska ba ta kaiwa. Murhun da ke fili a tsakar gida, a lokacin sanyi, ga yara suna rarrafe suna neman ɗumi, ga leburori suna wucewa da kaya, hatsarinsa a bayyane yake, kuma yawancin gobarar hunturu daga tartsatsi ɗaya take tashi. Mafi muni shi ne a shigar da wuta ɗakin kwana a rufe ƙofa. Gawayi idan yana ci a ɗakin da iska ba ta shiga yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci, mai barcin kuma ba ya tashi. Hayaƙin itace shi ma ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3 da dubu 200 a duniya, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shaƙarsa, domin su ke zaune a bakin murhu.

A nan ne itace ke shiga lissafin cefane. A garin Dogon Dutsi da Tibiri itace saye ake yi, a ƙauye kuwa mata da ƴan mata ke biyansa da ƙafafunsu, kuma kowace shekara tafiyar tana ƙara nisa. Murhu mai duwatsu uku, ko a cikin ɗaki yake, mafi yawan zafinsa a banza yake tafiya, balle a fili inda iska ke kwashe harshen wuta daga gindin tukunya. Gidan da ya koma girki a tsakar gida ba tare da kariya ba zai ga itacen mako ya ƙare a kwana huɗu, kuma wannan ƙari daga kuɗin miya za a cire shi. Maganin ba sabo ba ne. Tun bayan taron Maraɗi na watan Mayu 1984 a kan yaƙi da hamada aka yi ta yaɗa ingantattun murahu a ƙasar nan: Mai Sauƙi na ƙarfe, wanda maƙera ke ƙerawa, da Albarka na yumɓu, wanda mace ke iya ginawa da hannunta da laka da kashin jaki da ɗan ƙaiƙayi. Mai Sauƙi ana ɗaukarsa a kai duk inda ake so, saboda haka shi ne murhun kwanakin gini. Magidancin da zai sayi tol ashirin bai kamata ya ce kuɗin murhu ɗaya ya gagare shi ba, kuma da shi ya kamata a fara sayayya, kafin tol ɗin.

Sauran dabarun mata sun fi kowa saninsu, sai dai ana faɗarsu a nan domin maza su ji su daina cewa ƙyuya ce. Waken da aka jiƙa tun dare, aka sa masa ƴar kanwa, ba ya cin itacen da busasshe ke ci. Tukunya a rufe ta fi buɗaɗɗiya saurin tafasa. Idan ruwa ya tafasa, ƙarin wuta ba ya ƙara masa zafi, itace kawai yake ƙonewa, don haka sai a janye itace biyu a bar ɗaya. Shinkafa ko wake da suka ɗauki tafasa sosai, idan aka sauke tukunyar a rufe aka sa ta cikin kwando aka lulluɓe da tsummoki ko busasshiyar ciyawa, zafin da ke ciki yana ƙarasa dahuwar ba tare da wuta ba. Kuma a kwanakin da murhu ɗaya ne, abincin tukunya ɗaya ya fi tuwo da miya sauƙi.

Abin farin ciki shi ne Arewa tana da abinci irin wannan wanda wasu wurare ba su da shi. Beruwa, wadda matan wannan yanki suka ƙware a kanta har ana kai ta kasuwannin Yamai, garin wake ce da ake murzawa a turara a shanya, kuma idan ta bushe da kyau tana daɗewa a ajiye ba ta lalace ba. Wahalarta duka a ranar yinta take. Ranar ci kuwa ƴar wuta kaɗan take so, sai mai da yaji da albasa, ga ta da riƙe ciki, ga gina jiki. Uwargidan da aka sanar da ita ranar fara gini tun da mako biyu tana iya tara maƙwabta su yi beruwar wata guda a tsohuwar madafa kafin a taɓa ta. Haka za ta daka garin tuwo da na ɗanwake, ta soya gujiya ta yi ƙuli-ƙuli ta ɗebi man, ta daka yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa, ta zuba kowanne a abin da ke da murfi saboda ƙurar gini. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa maigida ya yi shawara da iyalinsa a kan ranar farawa, maimakon su wayi gari su ga magini a ƙofa.

Bayan beruwa akwai dambu da zogale, wanda tukunya ɗaya da madambaci ke gamawa. Akwai kwaɗon zogale ko na yakuwa ko na tafasa da ƙuli-ƙuli, wanda ganyen kawai ake dafawa. Akwai ɗanwake, da fate, da rogo ko dankali da ake samu daga fadamun Dallol Mawri, a dafa a ci da ƙuli da yaji. Fura kuwa ita ce uwar dabara, domin wuta ɗaya ake hura mata da safe ta ɗauki gida har la'asar, muddin ba a hana ta nono ba. Tuwon dare a tuƙa da ɗan yawa domin ɗumamen safe, amma a rufe shi da kyau, kuma a ɗumama shi har ya yi zafi ciki da waje, kada a ba yara da sanyinsa. Yaro ƙarami cikinsa ƙarami ne, sau biyu a yini ba ya isarsa, saboda haka ko an rage yawan hura wuta, a tabbata akwai kunun da aka sa wa gujiya ko garin wake a ajiye dominsa.

Lokacin sanyi kuma yana da wata albarka da ya kamata mai gini ya yi amfani da ita. Tun da aka ƙarfafa noman rani bayan farin 1984, lambuna sun yawaita a bakin tabkuna da rijiyoyin wannan yanki, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu tumatir da kabeji da salati da albasa da dankalin turawa na Dogon Dutsi suna cika kasuwa da arha. Wanda ya yi gininsa a wannan tsakani, miyarsa ba ta tsada, ruwan kwaɓa yana nan a tabki, samari ba su gama tafiya cin rani ba. Wanda ya bari sai Afrilu ko Mayu ya haɗa wa kansa tsada uku: ta ruwa, da ta hannu, da ta abinci, ga hadari yana iya tasowa rufi bai hau ba.

Akwai kuma bakunan da ba a ƙidayawa. Magini da yaransa biyu ko uku, al'ada ce a ba su fura da hantsi, a ba su abinci da rana. Idan gayya aka kira, ƙartai goma ko fiye za su ci, kuma mai aikin laka ba ya cin kaɗan. Gidan mutum takwas ya koma gidan mutum goma sha biyu, a daidai lokacin da aka rage cefane! Wannan abinci kuɗin gini ne, a cikin lissafin gini ya kamata ya shiga, tare da tubali da azara. A yi magana da magini tun farko, ko da ci ko ba ci, a san abin da aka yanka. Idan da ci ne, maigida ya auna hatsinsa daban ya ba da kuɗin miyarsa daban. Kunyar faɗin wannan a ranar ciniki ita ke sa a kwashe rabon yara a kai wa leburori.

Ma'aikata masu albashi, malaman lakwal da na asibiti da na ofisoshin gunduma, nasu tarkon daban ne. Su ba su da rumbu, komi da tiya suke saye, kuma idan madafa ta rushe abin da ya fi sauƙi shi ne a aiki yaro ya sayo. Da safe burodi da shayi, da rana shinkafa wurin mai tuwo-tuwo, da dare taliya. Kwana biyu ko uku ba laifi, amma wata guda halaka ne. Mafi ƙarancin albashi a hukumance tun watan Janairu 2024 jika 42 ne a wata, wato sefa 1400 a yini. Idan mai irin wannan albashi ya sayi kwano ɗaya na dala arba'in ga kowane ɗaya daga mutum bakwai, kuɗin yinin ya ƙare a ci ɗaya, ba a yi maganar hayar gida ko sabulu ba. Daga nan sai littafin bashi wurin mai kanti, albashin wata mai zuwa ya ƙare tun bai zo ba, gini kuma ya tsaya a daidai taga. Ga wanda ke da hali, ƙaramar butalin gaz mai kilo 6 tana da amfani ƙwarai a irin waɗannan kwanaki, tun da matatar mai ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, ta sa gaz ya samu a cikin ƙasa. Amma sayen butalin da kanta da kan murhunta shi ne katangar da talaka ba ya iya tsallakewa, kuma a nesa da manyan birane ba kullum ake samun cikawa a farashin hukuma ba. Gaz na shayi ne da ɗumame da miya. Tuwon mutum goma sha biyar har yanzu itace yake nema.

Ba a manta da maƙwabta ba. Gida biyu maganin gobara, kuma a Arewa babu matar da za ta hana ƴar uwarta ɗora tukunya a murhunta. Sai dai mai aron murhu ta tafi da itacenta da ruwanta, ta kuma zaɓi lokacin da masu gida suka sauke, domin zumunci ba ya son a daɗe ana jingina da shi. A gidan da ke da mata biyu ko uku, ranakun girki su zauna yadda suke, kuma abin da ake ba mai girki ya zama ɗaya ga kowa, kada a ce ginin ya faɗo a kan kwanan wance.

Magidanci zai ce: to, duk an ji, amma kuɗin ginin daga ina za su fito idan ba a taɓa cefane ba, ba a sayar da wake ba? Tambaya ce ta gaskiya, kuma amsarta ba ta da daɗin ji. Wanda ba shi da kuɗin gini a hannu bai isa fara gini ba tukuna, sai dai idan bangon yana shirin faɗa wa mutane, a nan kuwa a rushe shi a zauna a rumfa har a tara. Rumfa mai kyau da murhu mai kyau sun fi rabin gini da yunwa. Ragon da aka yi kiwo domin sayarwa, da kuɗin da ɗa ya aiko daga cin rani, da kwasar adashe, waɗannan su ne kuɗin gini. Mata sun nuna hanya tun da aka kafa ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi a 1991, inda ake zuba kaɗan-kaɗan kowane mako har ya zama abin kirki, kuma babu ayar da ta hana maza yin haka. Sa'an nan ba dole ne madafa ta zama ta siminti ba. Tubalin ƙasa da aka buga da kyau, aka ɗora shi a kan tushen dutse, wanda Dogon Dutsi ba ta rasa ba, aka ɗaga daɓen sama da tsakar gida, aka fitar da indararo nesa da gindin bango, aka riƙa yaɓe kafin kowace damina, yana shekaru masu yawa. Buhu biyu ko uku na siminti a gindin bango da bakin ƙofa sun fi amfani a kan shafe fuskar gida domin masu wucewa. Ita ma uwargida da ke matsa wa miji lamba sai ya yi mata irin ta gidan wance, ta san cewa daga kwanon ɗanta za a cire bambancin.

Idan kuma an zo ginin, a tambayi mai girki. Magini namiji ne, mai biya namiji ne, su biyu suke tsayawa su zana ɗakin da babu ɗayansu da zai yini a ciki. Shi ya sa ake samun madafa babu taga, ko ƙofarta tana kallon iska, ko rufinta ya yi ƙasa har hayaƙi ya rasa mafita, bayan wata biyu a ga matar ta fito da duwatsunta waje ta bar sabon ɗaki ga kaji. Taga biyu masu fuskantar juna, da ƴar kafa a sama kusa da rufi, da dakalin ajiye tukwane, da gurbin murhun Albarka guda biyu daidai girman tukwanen gidan, ba sa ƙara kuɗin a zo a gani.

Hukumomi su ma suna da nasu rabo. Ma'aikatan gandun daji da na raya karkara a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri suna iya haɗa maƙera da ƙungiyoyin mata a watan Oktoba, kafin a fara buga tubali, domin a samu murahu a kasuwannin mako a daidai lokacin da ake nemansu, a kuma koya wa magina barin hanyar hayaƙi. Gidajen rediyon karkara suna iya ware wa wannan magana ƴan mintoci a lokacin kaka, a gayyato mata su yi bayani da bakinsu. Masu sa ido a kan farashi su riƙa leƙa shagunan siminti na ƙananan garuruwa, domin rahusar da aka yanke a Yamai ta iso Sukukutan da Dogon Kirya. Kwamitocin da ke zagayawa ƙidayar ɓarna bayan ruwa kuma, idan sun rubuta ɗakunan kwana da rumbunan da suka faɗi, su ƙara tambaya ɗaya a takardarsu: ina matan gidan suke ɗora tukunya yanzu?